Gayyar Bature Zuwa Mahuta

Ranar Asabar ce, sha takwas ga watan Nuwamba, da ƙarfe bakwai da minti goma na safe, muka tashi daga ƙofar shagon Bature a Funtua. Da bakwai daidai aka shirya tashi, amma babur ɗin jagora ya ƙi kamawa. Bature mai sayar da kayan babur ne, don haka ya tara mu ya yi mana dogon bayani a kan fulogi da kafireto, ya tsine wa masu shigo da jabun kaya, har sai da Kamalu mai aski ya sunkuya ya murɗa masa famfon mai, wanda yake a rufe tun jiya.

"Da gangan na rufe," in ji Bature. "Ina gwada ku ne in ga wa ke lura."

Ni ba ni da babur. Tsohon akawun kamfanin auduga ne ni, kuma tun da mai ɗakina Tasalla ta rasu ban cika wuce masallacin unguwa ba. Abin da ya ɗora ni a bayan Bature shi ne rakiyarsa neman aure. Akwai wata bazawara a Mahuta, Barakatu, 'yar Alhaji Manu, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Bature ya gan ta a kasuwar Dandume, ya aika wa mahaifinta, amsar da ta dawo kuwa gajeriya ce: "Ba mu san shi ba. Ya zo mu gani ko yana da jama'a."

Wani da sai ya nemi dattawa biyu da ƙwaryar goro. Bature ya tara babura goma sha biyu. Ya ce yawon yini za a yi ta hanyoyin ƙauye, a ci waina a Tsiga, a sha fura a rugar wani abokinsa, a sauka Mahuta a kan kaji, Alhaji Manu ya ga jama'a da idonsa. Ya sa kowa ya saka farar shadda. Ya hana kowa karyawa a gida. Shi kuwa ya ɗora rigar lemo ta 'yan acaɓa a kan babbar riga, ya rataya usur a wuya, ya ɗaura tuta a bayan babur daidai inda za ta riƙa dukan kunnena.

A wannan zamani, babura da yawa su faɗo ƙauye ba sanarwa ba abin da kowa ke son gani ba ne. Wannan kam Bature ya yi tunaninsa. Ya ɗauki muryarsa a waya ya tura wa duk gidajen uku, kuma kafin mu tashi ya kunna mana don mu yaba:

"Salamu alaikum. Bature ne, Sarkin Tafiya. Ranar Asabar ina tafe da gayya guda, ƙarti goma sha biyu majiya ƙarfi. Ku dai ku tanadi abinci, sauran aiki namu ne."

A makarantar mishan da na yi, akwai wata malama da kan tsayar da mu a kan kalma ɗaya har a buga ƙararrawa, kuma wannan ciwo bai sake ni ba. Na ja shi gefe.

"Bature, ka san abin da ake kira gayya a ƙauye? Mutane su taru su yi wa mutum aikin gona, shi kuma ya ciyar da su."

"Baba Akawu, wannan Hausar zamanin Turawa ce. Yanzu gayya guda taro ke nan. Kowa ya sani."

"Ka kuma ce sauran aiki naku ne."

"Aikin ci mana," in ji shi, ya busa usur.

Hanyar Tsiga ta yi kyau. Dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, auduga ta fashe fari fat a gonaki. Bature yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ba da alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Sau ɗaya ya ɗaga hannu don ya kori ƙuda, babura goma sha ɗaya suka taka birki.

Tun daga bakin gari muka jiyo ƙamshin waina. Awaisu tela, wanda cikinsa ya riga shi shiga ko'ina, ya ce shi dai ya yafe wa Bature duk abin da ya taɓa yi masa. Goggo Sakinatu, ƙanwar mahaifin Bature, ta fito har ƙofar gida tana share hawaye da gefen mayafi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Da na ji saƙonka sai da na sa aka kunna mini sau uku. Na ce ashe har yanzu akwai zumunci."

"Goggo, ai ƙaramin aikina ke nan," in ji Bature, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

"To ku zagayo ta baya."

Muka zagaya. A bayan gida an shimfiɗa tamfol, an tara waken suya da kararensa har ya fi katanga tsawo. A gefe an jera sanduna, sababbin sara.

"Goggo, wainar fa?" in ji Awaisu.

"Tana rufe, ɗana. Wa ya taɓa ciyar da gayya kafin ta yi gumi?"

Kowa ya juya ya dubi Bature. Ni ma na dube shi. Sai ya tuɓe rigar lemo, ya naɗe hannun babbar riga.

"Wannan yana cikin tsari," ya ce. "A ƙasashen waje, masu yawon babur ba sa cin abinci sai sun motsa jiki. Ban faɗa muku ba ne don kada ku ji tsoro."

Ya ɗauki sanda don ya nuna yadda ake yi. Bugun farko sandar ta kuɓuce ta tashi sama ta sauka a kan madubin sabon babur ɗin Mus'ab, malamin firamare, wanda ko ledar kujerarsa bai cire ba. Mus'ab ya tsaya yana kallon fuskarsa gida biyu.

"Dama jabu ne," in ji Bature. "Ka zo shago in ba ka na gaske."

"A shagonka na saya," in ji Mus'ab.

Yunwa ta fi ƙarfin gardama, suka kama bugu. Ni Goggo ta ce furfurata ta fanshe ni, ta ba ni tabarma da kofin koko a gindin durumi. Daga nan na ga farar shadda tana komawa ruwan ƙasa, ƙaiƙayi yana shiga wuyan mutanen da rabonsu da gona tun suna yara. Da aka gama aka kawo waina da miyar taushe. Dole in faɗi gaskiya, wainar ta yi daɗi, ko da yake ta huce. Goggo ta raka mu da addu'a, ta ce baɗi ma tana nan.

A bakin gari mutum uku suka ce za su je su sha mai su cim mana. Ba mu sake ganinsu ba.

Daga Tsiga zuwa yamma akwai hanyar da kowa ke bi. Bature ya ce wannan ta mata ce da masu koyo, shi ya san yanke. Muka bi yanken ta cikin gonaki, muka wuce wata tsamiya mai rassa biyu, muka yi ta tafiya, muka sake wuce wata tsamiya mai rassa biyu.

"Sarkin Tafiya," in ji Kamalu, "wannan tsamiyar ƙanwar waccan ce, ko ita ce ta biyo mu?"

"Duk tsamiyoyin yankin nan haka suke."

Na san wurin. Da daɗewa na taɓa ratsa shi a keke, Tasalla tana baya da ƙullin kaya a cinya, za mu biki. A lokacin akwai kurmi, yanzu babu. Na ce masa mu karya dama, ya ce ai abin da yake shirin yi ke nan.

Muka iske rafi. Ruwan ya janye, ya bar laka mai sheƙi. Na ce a sauke ni, ƙafafuna suna so su miƙe. Sauran suka gangara can ƙasa inda sawun shanu ya nuna wurin tsallakawa. Bature ya ce rafi ba ya son mai shakka, wuta ake ba shi. Ya ja da baya, ya busa usur, ya taho. Babur ya shiga tsakiya ya tsaya cak kamar an dasa shi, shi kuwa Bature ya ci gaba da tafiya ba tare da shi ba. Da aka zaro shi, usur ɗin ya cika da laka. Ya busa, sai ya yi wani sauti irin na ɗan akuya mai mura. Mutum biyu suka taya shi jan babur, suka wanke hannu, suka yi mana sallama.

Rugar Buba, abokin Bature, tana kan tudu. Buba dogon Bafulatani ne mai fara'a, wanda ya daɗe da zama wuri ɗaya yana noma da kiwo. Ya taho da sanda a kafaɗa yana ƙirga mu da ido.

"Kaɗo, ka ce goma sha biyu."

"Sauran suna tafe."

"Ba komai. Da na ji babura ne, na ce yau jakina zai huta."

Matarsa ta fito da ƙwarya ta ajiye a inuwa, ta rufe da faifai. Nono ne mai kauri, muna ganin fura tana leƙowa ta gefe. Buba kuwa ya wuce da mu garke. An cika buhuna da takin shanu, an ɗaure bakinsu, an jingine su a shinge.

"Lambuna na rani yana fadama, ba nisa. Kowane babur buhu biyu, sawu uku, an gama."

Kamalu ya zaro wayarsa. Ashe Bature ya tura masa saƙon shi ma don alfahari. Ya kunna, ya ɗaga sama, muryar ta cika garken: sauran aiki namu ne.

"Bature, gidaje nawa ka tura wa wannan?"

"Uku kacal."

"Kacal," in ji Kamalu. "Jama'a, ku gode wa Allah. Da yana da dangi a Malumfashi, da yau mun yi wa rabin jiha noma."

Mus'ab ya ce shi babur ɗinsa ko buhun shinkafa bai taɓa ɗauka ba. Buba ya shafa kujerar, ya ce ai shi ya sa ledar take da amfani. Bature ya ce taki ba ƙazanta ba ne, arziki ne, kuma shi zai ɗauki uku don ya nuna misali. Ya ɗaura ukun da kansa, ya ƙi a taya shi, ya ce akwai ɗaurin da ya koya a wurin direbobin tirela. A gangaren fadama ɗaurin direbobin tirela ya kwance. Buhu ɗaya ya zame ya faɗi, na biyu ya bi shi, na uku ya tsaya, ya fashe a bayansa.

An sha fura a ƙarshe. Kowa ya zauna nesa da Bature, har ƙudaje suka rasa wanda za su bi sai shi. Buba ya ba shi ruwa a buta da sabulun wanki, ya yi abin da zai iya. Da aka tashi, Mus'ab da wasu uku suka juya kan baburansu gabas.

Bature ya sha gabansu. A karo na farko a ranar na ji muryarsa ta sauka.

"Don Allah ku rufa mini asiri. Jama'a aka ce in kawo. Mahuta daban ce. Alhaji Manu wayayyen mutum ne, yana sauraron rediyo, ya san Hausar zamani. Kaji ne kawai ke jiranmu."

"Ka gai da kajin," in ji Mus'ab.

Saura babura uku. Awaisu ya tsaya saboda kaji. Kamalu ya ce shi ko za a ɗaure shi sai ya ga ƙarshen wannan abu. Ni kuwa ba ni da zaɓi, sai dai na roƙi Kamalu ya ɗauke ni, na ce tutar ce ke damuna.

Tun kafin mu ga rufin Mahuta muka ji ganga. Bature ya rage gudu, ya juyo, fuskarsa ta washe.

"Kun ji? Makaɗa. Na faɗa muku mutumin ya san daraja."

Na saurara. Kiɗan noma ne. Rabon da in ji shi an daɗe, har na ɗauka ya mutu tare da mutanenmu, kuma da a wata rana ce da na ji daɗinsa.

Ba a ƙofar gida aka tare mu ba, a bakin gona ne. Rabin gari yana wurin. Mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji Manu, gajeren dattijo mai farin gemu, yana zaune a kujera, a gabansa an jera magirbai goma sha biyu a kan tabarma. Bayansa dawa ce tsaye, iyakar ganin ido.

Aka gaisa. Alhaji ya leƙa bayanmu, ya jira ƙura ta kwanta, ya sake leƙawa.

"Malam, kai ne babba," ya ce da ni. "Ina gayyar?"

Na gyara zama. Na yi masa bayani a tsanake cewa kalmar tana da fuska biyu, a birni takan nufi taro kawai, a ƙauye kuma aikin taro, kuma kuskuren ya faru ne a tsakanin biyun.

"A nan fuska ɗaya gare ta," in ji Alhaji. "'Yan ƙwadagon da na saba ɗauka sun zo shekaranjiya, na sallame su. Na ce surukina yana tafe da ƙarti. Yanzu suna Dandume, an riga an ɗauke su."

Wurin ya yi tsit. A nan ne ya kamata Bature ya durƙusa ya ba da haƙuri, kuma ina jin da an karɓa. Amma makaɗin, wanda ba ya son shiru, ya taɓa ganga ya ɗaga murya: "Bature na Barakatu, ƙarfe maci gona, mai gayya daga Funtua."

Na ga kirarin ya shige shi kamar allura.

"Alhaji," ya ce, "da gangan na sallami sauran. Na duba na ga za su rage mini sauri. Ni kaɗai mutum goma ne. Waɗannan biyun na kawo su ne su riƙa ba ni ruwa."

"Ni aski na iya," in ji Kamalu. "In dawar tana son saisaye, a kira ni."

Bature ya zaɓi magirbi mafi girma, ya cusa babbar riga a wando, ya yi wa makaɗi alama, ya ruga. Ya faɗa cikin dawa yana sara hagu da dama. Gaskiya ban zaci yana da wannan ƙarfi ba. Karare suna zubewa, ganga tana bin sa. Sai na ji dariya ta fara daga wajen mata, ta ratso ta cikin maza. Wani ya buɗe baki zai kira shi, sai wani dattijo da ke zaune a kan kututture ya ɗaga hannu.

"Ku ƙyale shi. Ni ma ban sami 'yan ƙwadago ba."

Wannan shi ne Malam Sadiq, maƙwabcin gonar Alhaji. Iyakar gonakin biyu jerin aduwa ne da kowa a garin ya sani. Bature ya tsallake ta tun a gudun farko. Jin dariyar ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wuta. Sai da ya kwantar wa Malam Sadiq kunya bakwai, sannan ya ɗaga magirbi sama, bayansa ya riƙe, ya tsaya a haka kamar mai nuna wa jama'a wata. Kamalu da Awaisu suka ɗauko shi a sanƙare suka shimfiɗa a tabarma, kusa da sauran magirban.

"Allah ya saka da alheri," in ji Malam Sadiq. "Ban san ka ba, ban gayyace ka ba. Irinku sun yi ƙaranci."

A lokacin ne Barakatu ta iso, mata suna biye da ita da kwanoni. Doguwa ce, ba ta da gaggawa. Ta sa aka sauke tuwon shinkafa da kaji, ta dubi kwanonin, ta dubi mu huɗu, ta ɗan ja hanci, ta matsa baya kaɗan.

"Baba," ta ce da ni, "wanne ne a ciki?"

Na nuna mata tabarma.

"A kasuwa ya fi haka tsawo." Ta juya wajensa. "Malam Bature, sannu da aiki. Ku nawa kuka taso?"

"Goma sha biyu," ya ce daga kwance. "Amma ki gane, tsari ne."

"Kuka iso uku."

"Da Baba Akawu huɗu."

"Baba ɗauko shi aka yi." Ta gyara mayafi. "Alhaji, ka ce a ga ko yana da jama'a. Yana da su, zubar da su yake yi a hanya. In na hau bayan wannan, kafin a kai Funtua ni ma an sauke ni a wata gona ana ce mini tsari ne. A ba shi abinci dai, ya yi wa maƙwabci aiki."

Ta juya ta tafi. Makaɗin ya rasa abin da zai yi, ya raka ta da ganga.

Alhaji Manu bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya zare makullin babur ɗin Bature, ya jefa a aljihu. Ya ce maganar aure ta ƙare, amma maganar dawa tana nan, kuma duk wanda ya sa aka sallami 'yan ƙwadago ya san inda magirbi yake. Bature ya ce dama yana da niyyar ya ɗan zauna a ƙauye saboda iska mai kyau.

Kamalu ya ci cinya biyu, ya wanke hannu, ya ce dole ya isa Funtua da sauran rana domin akwai mutanen da bai kamata su ji wannan labari daga bakin wani ba. Saurin da yake yi ya sa ya manta da ni.

Ga waɗanda suka rage a Mahuta bayan la'asar ta ranar:

Awaisu tela, wanda ya ga bai dace abincin mutum goma sha biyu ya lalace ba, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har ya kasa ɗaga ƙafa ya hau babur.

Ni, a zauren Alhaji, inda aka ba ni tabarma da bargo, muka yi hirar mutanen da duk sun rasu.

Magirbai goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa su.

Dawar Alhaji Manu, a tsaye.

Bature, a kwance, yana bayyana wa Malam Sadiq yadda ake girbi a ƙasashen waje.

Da Barakatu, a gidan mahaifinta, inda take har yau. Na gan ta a kasuwar Dandume kwanan baya, kuma ba ta rame ba.